Wai Da Gaske Mourinho Ne Ya Kashe Mikel Obi?

Duk inda aka zauna hirar ƙwallo aka ambaci Mikel Obi, tsohon ɗan wasan tsakiya na Chelsea da Super Eagles, kafin ka rufe baki wani zai ce maka ai Mourinho ne ya kashe yaron nan, da Manchester United ya tafi da yanzu da su Zidane ake haɗa shi. Maganar nan ta daɗe tana yawo har ta zama abin da ba a musu a kansa, 'yan United suna faɗa don haushi, 'yan Chelsea ma wasunsu sun yarda da ita suna cewa to ai dai ya ci kofuna. Ni a ganina akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma inda ainihin asarar take ba nan mutane suke nuna yatsa ba.

Tushen maganar gaba ɗaya gasa ɗaya ce, Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005. Samson Siasia ne koci, Mikel yana da shekara 18, kuma shi ne komai ke bi ta ƙafarsa a tsakiyar fili. Najeriya ta kai wasan ƙarshe, Ajantina ta ci mu 2 da 1, duka biyun Messi ne ya ci da fenareti, Chinedu Ogbuke ya ci mana tamu. Da aka zo rabon kyauta Messi ya ɗauki ƙwallon zinare, Mikel ya ɗauki na azurfa, Taye Taiwo ya zo na uku. To daga nan ne lissafin mutane ya fara, wai tunda shi ne na biyu bayan Messi, Messi kuma ya zama abin da ya zama, to dole wani ne ya tare wa Mikel hanya. Bayan wata shida kuma a Kofin Afirka na 2006 a Masar aka sako shi daga benci a wasan Zimbabwe, ya ba da aka ci ɗaya shi ma ya ci ɗaya, sai kowa ya ce shikenan mun samu magajin Okocha.

Amma duk wanda ya kalli wasannin Holan ɗin nan da idon basira ya san ko a lokacin Mikel ba irin Okocha ba ne. Ba mai yanka mutum uku a jere ba ne, ba shi da gudun da zai tsere wa difenda, ba ya yawan shiga cikin akwatin gola. Abin da yake da shi shi ne natsuwa, ya karɓi ƙwallo a tsakiya ya ɗaga kai ya ga wanda ya balle ya jefa masa, kuma idan ya riƙe ta ba ka isa ka ƙwace ba. Sau da yawa ma baya yake saukowa ya karɓa daga wajen masu tsaron baya sannan ya fara gina wasan. Ka ga kenan halin da ya zo ya nuna a Chelsea tun can yana jikinsa, bambancin kawai a gasar yara kana da daƙiƙa uku ko huɗu kafin a zo kanka, a Firimiya kuwa kafin ƙwallon ta iso ƙafarka mutum ya riga ya iso bayanka.

Rikicin cinikinsa ba sai an ja shi da tsawo ba, kowa ya ji. Yaron Jos ne, ya fito daga makarantar ƙwallo ta Pepsi ya taɓa Plateau United, ya tafi Lyn ta ƙasar Norway. A watan Afrilun 2005 Manchester United ta sanar ta saye shi har aka ɗauke shi hoto da jesinsu, Chelsea ta ce a'a ita ce take da yarjejeniya da wakilansa, ya bar Norway ya ɓulla a Landan, magana ta kai har FIFA, sai a watan Yunin 2006 aka sasanta Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12 Lyn ta karɓi 4. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da wannan shekarar ta ci masa. Yaro ɗan 18 zuwa 19, lokacin da ya fi buƙatar ya riƙa buga wasa duk sati yana kuskure yana gyarawa, sai ya ƙare yawancin lokacin tsakanin lauyoyi da wakilai da jaridu. Wallahi idan ana neman wanda ya fara tauye Mikel to a fara da wannan shekarar kafin a zo kan wani koci.

Yanzu duba Chelsea ɗin da ya tarar. Sun ci Firimiya sau biyu a jere. A tsakiya akwai Lampard wanda yake cin ƙwallaye kamar ɗan gaba, akwai Essien da aka sayo daga Lyon a 2005, akwai Ballack kyaftin ɗin Jamus da ya zo a wannan bazarar daga Bayern, sai Makelele a bayansu wanda ya haura shekara 33. Tsakani da Allah ina yaro ɗan 19 daga gasar Norway zai samu gurbin lamba goma, wato mai ƙirƙirar wasa a bayan ɗan gaba, a nan? Tsarin Mourinho ma a lokacin ba shi da lamba goma irin wadda muke nufi, 4-3-3 ne da mutum ɗaya a gaban masu tsaron baya da biyu masu kai da komo. Ƙofa ɗaya ce kawai ake ganin za ta buɗe nan kusa, ta Makelele, saboda shekaru. Ko dai ya koyi wannan aikin, ko ya zauna benci, ko a tura shi aro. Ya koya, kuma bai zo masa da sauƙi ba, a kakarsa ta farko ya sha jan kati a wasan Reading ya kuma sha wani a wasan ƙarshe na League Cup da Arsenal lokacin da aka yi hatsaniya, ga shi bai iya takil ba tukuna, sai ya makara sannan ya shiga. Amma kafin kakar ta ƙare shi aka fara da shi a wasan ƙarshe na Kofin FA da United a sabon Wembley, wanda Drogba ya ci a ƙarin lokaci.

Ga kuma abin da masu cewa Mourinho ya kashe shi suke tsallakewa. Mourinho ya bar Chelsea a watan Satumban 2007. Shekara ɗaya da 'yan watanni kawai suka yi tare a zuwan farko, Mikel yana da shekara 20 lokacin da ya tafi. Bayansa Avram Grant ya zo, Scolari ya zo, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez, kowa da irin tunaninsa, wasu ma ba sa ga maciji da salon Mourinho, amma babu ko ɗaya da ya kalli Mikel a atisaye kullum ya ce a'a wannan ai lamba goma ne ku matsar da shi gaba. Ancelotti fa shi ne ya gina AC Milan a kan Pirlo, ya san mai raba ƙwallo idan ya gan shi, ya yi shekara biyu da Mikel ya bar shi a inda ya same shi, kuma a kakar 2009/10 da suka ci Firimiya da ƙwallo 103 Mikel ne a bayan su Lampard da Malouda da Drogba yana riƙe musu gida. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure za a yarda, amma koci bakwai su yi kuskure iri ɗaya, wannan da wuya.

To wai mene ne aikin da yake yi ɗin da har kowane koci yake riƙe shi, alhali masu kallo suna ƙorafi? Nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani, don talabijin ƙwallo take bi, shi kuma rabin aikinsa a inda ƙwallon ba ta nan yake yi.

Ɗauki misali Chelsea tana kai hari ta hagu. Ashley Cole ya haura sama, Lampard ya kutsa cikin akwati, Essien ko Ramires shi ma ya bi. Idan aka ƙwace ƙwallon a wannan lokacin saura mutum nawa a baya? Terry da abokinsa, sai Mikel. Terry kuma ba mai gudu ba ne. Abin da Mikel yake yi shi ne tun kafin a ƙwace ya riga ya gusa ya tsaya a layin da za a bi a ba ɗan gaban abokan hamayya, ba sai ya taɓa ƙwallon ba, tsayuwarsa kawai tana sa mai ƙwallon ya fasa bugawa ta tsakiya ya kai ta gefe, wannan daƙiƙa biyun da aka ɓata su ne su Cole suke dawowa a cikinsu. Babu inda ake rubuta wannan a alƙaluman wasa. Aikin maigadi ne, idan an kwana lafiya ba wanda zai tuna da shi, ranar da aka shigo gida kuwa sunansa za a fara kira.

Sai kuma abin da ni nake ganin babu kamarsa a zamaninsa a Ingila, wato kare ƙwallo da jiki. Ka lura da shi idan Cech ko Terry ya ba shi ƙwallo yana fuskantar ragarsu, mutum kuma ya taho da gudu ta bayansa. Ba ya firgita ya buga ta ko'ina. Zai ɗan duƙa ya buɗe ƙafafu, ya sa ƙugu da kafaɗa ya tokare mutumin, hannu ɗaya a miƙe yana jin inda yake, ƙwallon kuma tana can ƙafar da ta fi nisa da shi. Mutumin ya zagayo dama sai ya juya hagu, ya zagayo hagu ya juya dama, a ƙarshe ko dai ya gaji ya ture shi alƙalin wasa ya busa, ko kuma Mikel ya zame ya miƙa wa na kusa. Dogo ne mai kusan mita 1.88 ga nauyi, ture shi ba ƙaramin aiki ba ne. A wurin da yake tsayawa idan aka ƙwace maka ƙwallo saura fas ɗaya a ga gola, shi ya sa kociyoyi suke son wanda ba ya zubarwa ko da ba zai burge kowa ba.

Amma fa masu sukarsa ba ƙarya suke yi ba, kuma nan ne na ce akwai gaskiya a maganar. Mikel yana rage wa wasa sauri. Sau da yawa za a ƙwato ƙwallo, Drogba ya riga ya balle, hanya a buɗe, maimakon ya jefa nan take sai ya taka ta ya juya ya ba na gefe, kafin a dawo an rufe hanyar. Kuma ba wai bai gani ba ne, yaron 2005 yana ganin irin wannan fas ɗin kuma yana bugawa. Abin da aka cire masa ba lamba goma ba ce, ƙarfin halin yin kasada aka cire masa. An koya masa tun yana 19 cewa a wurin nan kuskure ɗaya ya isa a ajiye ka, a kulob ɗin da ake korar koci ko da ya ci kofi bara, to sai ya zaɓi fas ɗin da ba za a zarge shi ba, ya yi ta yi har ya zame masa jiki. Wasa 372 ya buga wa Chelsea ya ci ƙwallo 6 kacal. Ya ci biyu a Kofin FA a watan Janairun 2007, daga nan bai sake ci ba sai Satumban 2013 a wasan Fulham, wadda ita kaɗai ce ƙwallonsa a Firimiya gaba ɗaya. Ko a lamba huɗu, wato mai tsayawa a gaban masu tsaron baya, wannan ya yi kaɗan ga mai irin ƙafarsa.

Mutane suna kawo Pirlo a matsayin hujja, wai shi ma ai daga lamba goma aka mayar da shi baya amma bai mutu ba. Gaskiya ne, sai dai a duba wa ke gefensa. A Milan an ajiye masa Gattuso, wani lokacin har da Ambrosini, aikinsu su yi gudu su yi faɗa su ƙwato su ba shi, shi kuma ya raba. An mayar da Pirlo baya ne don ya samu fili ya ƙirƙira. An mayar da Mikel baya ne don wasu su samu fili su ƙirƙira, shi ne Gattuson Lampard. Wuri ɗaya suke tsayawa a fili amma aikin ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

Batun da United ya tafi kuma, ba wanda ya san gaibu sai Allah, amma akwai abin da za a iya dubawa. Roy Keane ya bar United a ƙarshen 2005, abin da Ferguson yake nema a lokacin mai zama a tsakiya ne, shi ya sa da Mikel ya kuɓuce masa a 2006 ya je Tottenham ya sayo Carrick. Sannan a 2007 ya sayo Anderson daga Porto, yaron Birazil da ya ci kyautar gwarzon gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya a 2005 yana buga bayan ɗan gaba, kuma me aka yi da shi a United? Tsakiya aka mayar da shi yana gudu yana takil. Don haka ban ga dalilin da zai sa a ɗauka Ferguson zai ɗauki Mikel ya ajiye shi a bayan Rooney ya ce yi abin da kake so ba.

Daren da ya fi nuna amfanin abin da ya zama shi ne 19 ga Mayun 2012 a Munich. Chelsea ta je wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a gidan Bayern ba Terry, ba Ivanovic, ba Ramires, ba Meireles, duk an dakatar da su, Cahill da David Luiz kuma daga jinya suka taso. A tsakiya Mikel ne da Lampard, a gabansu Schweinsteiger da Kroos da Muller, ga Robben da Ribery suna shigowa ciki daga gefe. Bayern ta samu bugun kwana 20 Chelsea ta samu 1, wadda ita ce Drogba ya farke da ita a minti na 88. Minti 120 Mikel ya yi yana toshe bakin akwati, kuma duk lokacin da Chelsea ta samu ƙwallo tana neman numfashi shi ake ba, ya riƙe, ya jawo fawul, ya ci musu rabin minti. Wannan rage saurin da ake zaginsa a kai ranar Asabar a wasa da ƙaramin kulob, shi ne ya riƙe su a daren nan. Haka ya yi a Camp Nou, gidan Barcelona, a wasan kusa da na ƙarshe bayan an ba Terry jan kati suka ƙarasa da mutum goma.

A Najeriya kuwa labarin daban ne, kuma a nan ne nake jin tausayinsa sosai. Tun da Okocha ya bar Super Eagles a 2006 ba mu sake samun mai irin aikinsa ba, sai aka ɗauki jesi mai lamba 10 aka ba Mikel aka ce to bismilla. Mutumin da ya yi wata tara a Landan ana ce masa kada ka kuskura ka haura, sai ya zo gida kwana huɗu a ce masa kai ne za ka yanka ka raba ka ci. Idan bai yi ba a ce ba ya kishin ƙasa, Chelsea kawai yake yi wa wasa. Wanda ya fahimci yadda za a yi amfani da shi shi ne marigayi Stephen Keshi a Kofin Afirka na 2013. Bai kai shi bayan ɗan gaba ba, bai kuma bar shi shi kaɗai a baya ba, ya sa masa Ogenyi Onazi a gefe yana gudu yana share fili, Sunday Mba yana gaba, Mikel yana tsakiya yana juya wasan yadda yake so. Ka tuna wasan Kwaddibuwa da aka ci su 2 da 1, ga Yaya Toure ga Tiote a tsakiyarsu, amma Mikel ne ya mallaki wurin, har da wata ƙwallo da ya zare daga ƙafar Lacina Traore a cikin akwati ana dab da tashi. Aka wuce Mali da 4 da 1, aka ci Burkina Faso 1 da nema aka ɗauko kofin. A shekarar shi ya zo na biyu bayan Yaya a gwarzon ɗan wasan Afirka.

A wannan shekarar ma a gasar Confederations a Birazil ya ci Uruguay wata ƙwallo da duk mai cewa an kashe shi ya kamata ya sake kallo. Ya karɓa a bakin akwati, ya yi wa Lugano yanka ɗaya ya wuce shi, ya lanƙwasa ta da ƙafar hagu ta wuce Muslera. Ƙafar tana nan, idon yana nan, izini ne kawai babu a inda yake cin abinci. Haka a Olamfik ɗin Rio a 2016, da Siasia ya sake haɗuwa da shi ya ba shi kyaftin ya matsar da shi gaba, tawagar da ta maƙale a Atlanta ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasan Japan amma ta ci 5 da 4, ya ci Denmark a kwata fainal, aka doke Honduras 3 da 2 da ƙwallayen Sadiq Umar da Aminu Umar aka samu tagulla, ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a gasar. Ya dawo Landan ya tarar Conte ya tsara tawagarsa da Kante da Matic, bai buga masa ko wasa ɗaya ba, a Janairun 2017 ya tafi Tianjin TEDA ta ƙasar Sin.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da fas ko takil. Sau biyu ana sace mahaifinsa. Na farko a Jos a watan Agustan 2011, ya ci gaba da buga wa Chelsea har aka gano shi a Kano. Na biyu a ranar wasan Ajantina a Kofin Duniya na 2018 a Rasha, sa'o'i kaɗan kafin a take wasa aka kira shi aka gaya masa, aka kuma gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa, ya shiga ya buga minti 90 yana kyaftin ba tare da koci ko abokan wasansa sun sani ba. Allah Ya sa aka kuɓutar da dattijon bayan 'yan kwanaki. Duk wanda ya taɓa cewa mutumin nan ba ya kishin ƙasa ya kamata ya tsaya a kan wannan ranar.

Wannan gasar ta Rasha ma ita ce ta ba da amsar gardamar a fili. A wasan farko da Kuroshiya Gernot Rohr ya sa shi a lamba goma sak, bayan Ighalo, Ndidi da Etebo suna bayansa, abin da aka shekara goma sha biyu ana roƙo kenan. Aka ci mu 2 da nema, Mikel ya yi ta karɓar ƙwallo yana ba gola baya a cikin cunkoso, ba gudun da zai juya ya tsere, Modric da Rakitic kuma suna wasansu. A wasa na biyu da Iceland aka dawo da shi baya inda yake ganin fili gaba ɗaya a gabansa, Ndidi da Etebo suka koma gefensa suna gudu, wasan ya zauna, Ahmed Musa ya ci biyu. Bayan nan ya taɓa Middlesbrough, ya buga Kofin Afirka na 2019 a Masar ya yi sallama da Super Eagles, ya taɓa Trabzonspor da Stoke da wani kulob a Kuwait, sannan ya jingine takalmansa a watan Satumban 2022 yana da shekara 35.